A farkon kaka ne lambun gida ya fi buƙatar mai shi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi magana a kan wani al'amari da na daɗe ina ganin ba ya samun kulawar da ta dace da shi, wato kula da furanni da itatuwan marmari na cikin gida a farkon kaka. Duk shekara, da zarar ruwa ya sauka, kafafen yaɗa labarai sukan cika da kiran a dasa bishiya, jama'a kuma su amsa kiran da zuciya ɗaya, su sayo dashe su kafa a tsakar gida da bakin ƙofa. Amma da ruwa ya fara ɗaukewa sai maganar ta mutu, kamar dai aikin ya ƙare ke nan, alhali kuwa a waɗannan makonni ne ake yanke hukuncin ko dashen bana zai rayu, da kuma ko tsohuwar bishiya za ta yi 'ya'ya masu kyau a baɗi.

Kaka ba iri ɗaya ba ce a ko'ina. A ƙasashe masu tsananin sanyi, abin da ke biye da ita shi ne ƙanƙara da daskarewar ƙasa. A ƙasashe masu zafi kuwa, abin da ke biye da ita shi ne ɗaukewar ruwa da busasshiyar iska. Duk da haka halin da tsiro yake ciki kusan ɗaya ne, domin a wurare biyun yana shirin shiga lokaci mai wuya. Daga wajen ranar 22 ko 23 ga Satumba, a arewacin duniya dare yakan fara rinjayar yini, kuma tsirrai da yawa suna jin wannan canji. A shekarar 1920 wasu masana biyu na ma'aikatar aikin gona ta Amurka, Garner da Allard, suka nuna cewa tsawon yini da dare ne ke sa wasu tsirrai fitar da fure, bayan gwajin da suka yi a kan taba da waken suya. Itatuwan da ke zubar da ganye, irin su tuffa da inabi, a wannan lokaci ne suke janye abincin da ke cikin ganyensu su adana shi a ɓawo da saiwa, shi ya sa ganyen yake sauya launi kafin ya faɗi. Abin da ido ba ya gani shi ne, ƙasa tana nan da sauran ɗumi da danshi, saboda haka saiwa tana ci gaba da yaɗo ko da sama ta daina toho. Wanda ya fahimci wannan ya san cewa aikin farkon kaka aikin ƙasa ne da gindin bishiya, ba aikin tilasta mata sabon ganye ba.

Abu na farko da nake so in jaddada, kuma a ganina ya fi duk sauran muhimmanci, shi ne tsince 'ya'yan da suka faɗo. Mutane da yawa sukan bar gwaiba ko lemo ko tuffa da suka faɗo su ruɓe a gindin bishiya, suna cewa ai taki ne. Wannan kuskure ne mai tsada. Ƙudan 'ya'yan itace yana huda fatar ɗan itace ya saka ƙwai a ciki, ƙwan ya ƙyanƙyashe tsutsa, tsutsar ta ci naman har ɗan itacen ya yi laushi ya faɗo kafin lokacinsa. Da ya faɗo sai tsutsar ta fita ta shige cikin ƙasa, ta kwanta a can har ta rikiɗe ta zama sabon ƙuda, wanda zai tashi ya koma kan bishiyar nan ko ta maƙwabta. A yanayi mai ɗumi duk wannan zagaye bai wuce 'yan makonni ba, kuma mace ɗaya tana iya saka ɗaruruwan ƙwai. Akwai wani nau'in ƙudan da asalinsa daga nahiyar Asiya ne, wanda aka fara gani a Kenya a shekarar 2003, ya kuma bazu a yawancin ƙasashen Afirka cikin 'yan shekaru kaɗan, ya jawo wa masu mangwaro asara mai yawa. Feshin magani ba ya kaiwa ga tsutsar da ke cikin ɗan itace, ba ya kuma kaiwa ga wadda ke kwance a ƙasa. Abin da ke karya zagayen shi ne mutum ya sunkuya ya tsince duk abin da ya faɗo, in da hali kullum, ya zuba a baƙar leda mai kauri, ya ɗaure bakinta da kyau, ya ajiye ta a rana kamar mako guda domin zafi ya kashe abin da ke ciki. Idan kuma binnewa zai yi, to ramin ya kai zurfin rabin mita aƙalla, domin ƙudan yana iya fitowa daga rami marar zurfi. Haka nan kada a manta da busassun 'ya'yan da suka maƙale a reshe suka yi baƙi, domin su ma matattarar cuta ce.

A nan dole in ce wannan aiki ba ya cika sai maƙwabta sun haɗa kai, tun da ƙuda bai san katanga ba. Wanda yake tsince nasa kullum, alhali bishiyar da ke bayan gidansa tana zubar da ruɓaɓɓun 'ya'ya babu mai kula, ribar wahalarsa za ta ragu. Ya kamata a riƙa yin maganar cikin mutunci da girmamawa, ko ma mutum ya nemi izini ya taya maƙwabcinsa tsincewa.

Ganyen da ya zubo kuma sai an bambanta shi. Ganye mai lafiya dukiya ne, kuma abin takaici ne yadda ake share shi a cinna masa wuta, a ƙone abin da ya kamata ya koma ƙasa ya zama taki, a kuma cika unguwa da hayaƙi. A tara shi wuri guda, a gauraya da ɗanyar ciyawa da ɗan kashin dabbobi, a riƙa yayyafa masa ruwa ana juya shi, cikin 'yan watanni zai zama baƙin taki mai laushi. Ganye mai cuta ne ba a sa wa a wannan tari. Baƙin tabon da ke kama ganyen wardi, da ƙazuwar da ke ɓata fatar tuffa, da cutar da ke sa wa mangwaro baƙaƙen ɗigo a ganye da fure da 'ya'ya a lokacin laima, duk funfuna ce da ke fakewa a matattun ganyaye da busassun rassa har yanayi ya sake yi mata daɗi. Tarin taki yana kashe yawancin irin waɗannan cututtuka ne kawai idan cikinsa ya yi zafin da ya kai digiri 55 zuwa 65 a ma'aunin Salshiyos na tsawon kwanaki, ƙaramin tarin cikin gida kuwa da wuya ya kai haka. Don haka ganye mai tabo a binne shi da zurfi ko a fitar da shi daga lambun gaba ɗaya.

Sai maganar sara da datsa, inda nake ganin an fi yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Bayan damina bishiya takan yi duhu, rassa su yi tsawo, mai gida ya ɗauko adda ya yi mata aski domin tsakar gida ta yi haske. Idan mangwaro ne, to ya sare amfanin baɗi da hannunsa, domin mangwaro yana fitar da fure ne a ƙarshen rassan da suka riga suka ƙosa, sabon tohon da zai biyo bayan sara kuma ba zai ƙosa ba kafin lokacin fure. Lokacin datse mangwaro shi ne da zarar an gama cire 'ya'yansa. A ƙasashe masu sanyi ma ana jinkirta babban datsan tuffa har sai ta zubar da ganye ta shiga hutu sosai, domin sara a farkon kaka yana iya tayar da ɗanyen toho wanda sanyi zai ƙone. Abin da ya halatta a cire yanzu kaɗan ne: reshen da ya mutu, da wanda ya karye, da wanda cuta ta kama, da kauci, da kuma tohon da ke fitowa a ƙasan wurin aure. Wannan na ƙarshe yana buƙatar bayani. Yawancin lemo da mangwaro da wardi masu kyau 'yan aure ne, wato an ɗora reshen iri mai daɗi a kan gindin iri mai juriya. Duk tohon da ya fito a ƙasan gaɓar auren na gindin ne, yana da ƙarfin girma fiye da na sama, kuma idan aka bar shi zai rinjaye shi, har wata rana mai gida ya tarar lemon zaƙin da ya dasa yana ba shi 'ya'ya masu tsami. Kauci kuwa tsuntsaye ne ke kawo irinsa su manna a reshe, ya kafa saiwa cikin itacen yana shan ruwansa, kuma fizge ganyensa ba ya kashe shi, sai an yanke reshen daga can bayan inda ya kama.

Yadda ake yankan ma yana da ƙa'ida. A yi amfani da zarto ko almakashin lambu mai kaifi, ba adda mai tsaga itace ba, a kuma yanke reshe daf da ɗan kumburin da ke wurin haɗuwarsa da uwar bishiya, ba tare da an shafe kumburin ba, ba kuma tare da an bar dogon kututture ba. Wani masanin itatuwa na hukumar gandun dajin Amurka, Alex Shigo, ya shafe shekaru yana tsaga itatuwa yana nazarin yadda suke killace rauni, ya kuma nuna cewa bishiya da kanta take toshe wurin daga ciki, shafa fenti ko kwalta a kan yankan ba ya hana ruɓewa. Abin da ya fi amfani shi ne a goge bakin almakashi da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta kafin a tashi daga bishiya marar lafiya zuwa mai lafiya.

Taki ma haka yake. Lambobi uku da ake gani a jikin buhun takin zamani, kamar 15-15-15, suna nuna kason nitirojin da fosfaros da fotash ne bi da bi. Nitirojin shi ne mai sa ganye da toho, kuma ba shi bishiya take nema ba a lokacin da take shirin hutu. Ɗanyen tohon da zai fito bayan an zuba yuriya a farkon kaka ƙwari ne za su fara samunsa, sanyi ko busasshiyar iska su ƙarasa shi, bishiyar kuma ta ɓatar da ƙarfin da ya kamata ta tanada domin fure. Ruɓaɓɓen takin gargajiya da aka shimfiɗa a saman ƙasa ya wadatar, domin a hankali yake sakin abincinsa. Ɗanyen kashin kaji kuwa yana ƙona saiwa, sai ya ruɓe tukuna.

Yanzu bari in zo kan ban ruwa, wanda shi ne rayuwar ƙananan itatuwa. Dashen da aka kafa a daminar bana bai riga ya zurfafa saiwa ba, kuma yawancin dashen da ke mutuwa a ranin farko yake mutuwa. Kuskuren da aka saba yi shi ne a riƙa watsa masa ɗan ruwa kullum, wanda ba ya wuce saman ƙasa, sai saiwar ta taru a sama inda rana ta fi bugu. Gara a ba shi ruwa mai yawa wanda zai ratsa ƙasa sosai, sannan a dakata kwana biyu ko uku gwargwadon irin ƙasar, tun da rairayi ya fi laka saurin bushewa. Hanya mafi sauƙi ta sanin lokaci ita ce mutum ya tura yatsa cikin ƙasa, idan ya ji danshi ya bari sai gobe. Da sassafe ya fi kyau, kuma a zuba a ƙasa, kada a jiƙa ganye da yamma, domin ganyen da ya kwana a jiƙe shi funfuna take so. Ga babbar bishiya, saiwoyin da ke shan ruwa ba a jikin gindi suke ba, suna can wajen inda inuwar rassa ta ƙare, saboda haka can ya kamata a yi kwamin ban ruwa. Wannan ya fi muhimmanci ga lemo, wanda idan ruwa yana kwanciya a jikin gindinsa yakan kamu da cutar da ke sa ɓawo ya tsage yana fitar da ƙaro, har bishiyar ta bushe a tsaye. Maganin haka shi ne a yi ɗan tudun ƙasa kewaye da gindin, ba tare da an binne shi ba, domin ruwa ya tsaya nesa kaɗan. Babban mangwaro kuwa, wanda ya riga ya fara 'ya'ya, a bar shi ya ɗan ji ƙishirwa bayan ɗaukewar ruwa, domin bushewa da sanyin dare suna taimaka masa ya tsayar da toho ya fitar da fure. Bayan 'ya'ya sun ƙulla sai a dawo da ban ruwa.

Abin da ke riƙe wannan ruwa a ƙasa shi ne lulluɓi. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko ganye mai lafiya da kaurin santimita 5 zuwa 10 a ƙarƙashin bishiya tun ƙasa tana da sauran danshi, domin lulluɓe busasshiyar ƙasa ba ya ƙara mata komai. Sai dai a bar tazarar kamar tafin hannu tsakanin lulluɓin da jikin bishiya, saboda ɓawon da ke cikin laima kullum yakan ruɓe, kuma gara da ɓeraye suna samun hanya. Inda gara ta yi yawa a riƙa ɗaga lulluɓin ana dubawa. Ƙananan itatuwa masu siririn ɓawo kuma ana iya shafa musu farar ƙasa da aka dama da ruwa domin kada rana ta ƙone jikinsu.

Game da ƙwari ba zan tsawaita ba. Idan aka ga tururuwa tana hawa da sauka a jikin lemo ko gwaiba, ganye kuma ya yi baƙi kamar an shafa masa kunkunniya, to akwai ƙananan ƙwari masu tsotsar ruwan ganye a ƙarƙashinsa, darɓar da suke fitarwa ce tururuwa take bi, a kanta kuma baƙar funfunar take tsirowa. Ruwan sabulu marar ƙarfi ko man darbejiya, a fesa da yamma a bayan ganye, yakan isa. Ga cututtukan funfuna akwai tsohon haɗin nan na sinadarin jan ƙarfe da farar ƙasa, wanda masanin tsirrai Millardet ya bayyana a shekarar 1885 domin ceton gonakin inabi na yankin Bordeaux a Faransa, kuma har yau ana amfani da shi, amma rigakafi ne, ba ya warkar da ganyen da ya riga ya lalace. Kowane irin magani ne, kada a fesa shi a kan buɗaɗɗen fure lokacin da zuma ke kiwo, domin da yawa daga cikin itatuwan marmari da zuma da sauran ƙwari masu ziyartar fure suke dogara wajen ƙulla 'ya'ya.

Furanni su ma suna da nasu aikin, kuma shi ne mafi daɗi a cikin ayyukan wannan lokaci. Furen da ya yi yaushi idan aka tsinke shi, tsiron yakan sake fitar da wani, domin bai samu ya ƙulla iri ba. Amma a farkon kaka ya kamata a zaɓi 'yan tsirrai mafi kyau da lafiya a bar furensu ya bushe a jikinsu domin a sami iri. A cire kan furen a ranar da babu raɓa, a ƙara shanya shi a inuwa, a murje, a zuba irin a ambulan na takarda, a rubuta suna da shekara, a ajiye a wuri mai sanyi marar laima. Masana iri suna da ƙa'idar da ke cewa, cikin wani iyaka, duk raguwar kashi 1 cikin 100 na danshin iri tana ninka tsawon rayuwarsa, haka ma duk raguwar zafi da kimanin digiri 5. Shi ya sa leda da aka ɗaure a kan irin da bai gama bushewa ba take kashe shi. Sai dai a sani cewa irin da kamfanoni suka haɗa daga iyaye biyu, wanda ake rubuta F1 a jikin fakitinsa, 'ya'yansa ba sa fitowa daidai da uwar. Wannan kuma lokaci ne mai kyau na yankan reshe domin dashe, tun da rassan bana sun fara ƙwari amma ba su tsufa ba. Wardi da yasmin da bugenbiliya duk suna kamawa ta wannan hanya: a yanko reshe mai tsawon santimita 15 zuwa 20 daga ƙasan gaɓa, a cire ganyen ƙasa, a soka a tukunya mai rairayi da ɗan taki, a ajiye a inuwa ana kula da danshi. Furannin da suka yi cunkoso a wuri ɗaya a tono su a raba, tukwanen da ramin gindinsu ya toshe a buɗe shi. Masu zama a ƙasashen sanyi kuwa a kaka suke binne albasar furanni irin su tulif, da zurfin da ya kai ninki biyu zuwa uku na tsayin albasar, domin sai ta sha sanyi a cikin ƙasa take fure.

Akwai masu tambaya ko ya dace a dasa sabuwar bishiya a wannan lokaci. Inda kaka take zuwa da ruwan sama da sanyi mai sauƙi, lokaci ne mai kyau ƙwarai, domin saiwa za ta kafu kafin zafi ya dawo. Inda kuwa watanni na rani ne ke tafe, ra'ayina shi ne kada mutum ya dasa sai ya tabbata yana da ruwan da zai ba ta har wata daminar, kuma yana da abin da zai kewaye ta da shi saboda dabbobi. Bishiya biyu da aka raina da kyau sun fi goma da aka dasa aka bari.

Roƙona gare ka, ya Edita, shi ne jaridar nan ta ware ɗan fili, ko da sau ɗaya a wata, domin lambun cikin gida, wanda zai riƙa faɗa wa masu karatu aikin da ya dace da watan da ake ciki, ba sai lokacin gangamin dashen itatuwa kaɗai ba. Zai yi kyau a gayyato malaman gona da masu renon dashe su riƙa amsa tambayoyin jama'a, musamman a kan sunayen cututtuka da alamominsu da harshen da kowa zai gane, tare da hotunan ganye da 'ya'yan da suka kamu, domin mai gida ya iya kwatantawa da abin da yake gani a bishiyarsa. Ina kuma fata fitowar farko ta zo kafin ƙasa ta gama bushewa, ta fara da maganar tsince 'ya'yan da suka faɗo da kuma ban ruwan dashen bana.

Na gode da wannan dama da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Wassalam,
Naka mai karatu a kullum.